Bulokcen a siton riɗi: shin dabarun da muke yi a bayan fage ba su rushe amfanin tsarin ba?

Akawun Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyanmu da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Na zo da wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ban ga inda ya dace in kai ta ba sai nan, inda ake da masana fasaha da kuma waɗanda suka tsufa a harkar amfanin gona.

Ni akawu ne a wani kamfani a Kano da ke sayen riɗi da zoɓo yana fitarwa waje. Bara babban mai sayen kayanmu daga Turai ya sanar da mu cewa ba zai ƙara karɓar kwantena ba sai an shigar da tarihinta cikin wata manhaja da ya zaɓa, wadda aka gina a kan bulokcen, wato kundin nan na kwamfuta da ake ajiye kwafinsa a hannun ɓangarori da yawa, wanda in an rubuta abu a cikinsa ba ya goguwa. Yadda aka koya mana a wurin horo, kowane mataki mai shi ne zai shigar da hannunsa: wakilinmu na kasuwar ƙauye ya sa sunan manomi da nauyin kaya a lokacin da ake awo, direba ya tabbatar da lodi, mai sito ya tabbatar da saukewa, mai injin tacewa ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har zuwa ranar da za a rufe kwantena a buga mata hatimi. A allon majigi abin gwanin ban sha'awa.

A zahiri kuwa, wakilanmu na kasuwannin Jigawa ba sa taɓa manhajar. Wani ya ce babu sabis, wani ya ce cajin wayarsa ba ya kai shi la'asar, wani kuma bai ce uffan ba, ya dai ci gaba da rubutu a littafinsa yadda ya saba. Da yamma sai su ɗauki hoton shafin su turo ta WhatsApp. Ranar Juma'a da safe ni da wani yaro muke zama mu shigar da na mako guda gaba ɗaya, kuma da yake manhajar tana son kowa ya shiga da sunansa, sai aka rubuto mana kalmomin sirrinsu duka a takarda ɗaya da ke manne a cikin durowata. Duk wanda ya buɗe kundin zai zaci mutum tara ne suka sa hannu daga wurare tara, alhali mu biyu ne a kan tebur ɗaya.

Sannan injin da ke fitar da tsakuwa da ƙura bai san manomi ba. Kayan mota uku ko huɗu ake zuba masa a jere, domin in aka ce sai an tsaya an share shi tsakanin kayan wannan da na wancan, kaka za ta wuce ba mu cika alkawarin kowa ba. Sai mai sito ya ƙirƙiro tasa dabarar: in riɗi ya fito tas, ya raba sunayen manoma a kan buhunan gwargwadon abin da aka ce kowa ya kawo. Buhu yana ɗauke da sunan mutum, amma Allah kaɗai ya san ko akwai ƙwaya ɗaya ta gonarsa a ciki. Su kansu sunayen ina da shakka a kansu, domin dillalai ba sa son bayar da na gaskiya, har na taɓa ganin manomi ɗaya ya sayar da kaya a kasuwanni biyu masu nisa a yini guda.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne na watan jiya. Yaron da ke taya ni ya rubuta buhu 520 a maimakon 250, ya kuma danna aikawa kafin in duba. Da muka ga babu hanyar gogewa, manaja ya ce a shigar da cewa an mayar wa dillalin buhu 270 saboda danshi. Lissafi ya daidaita, amma yanzu kundin da ake alfahari da shi cewa ba ya karɓar sauyi yana shaida wata mota da ba ta taɓa tashi ba, ɗauke da kayan da babu su, kuma ya shafa wa wani bawan Allah tabon kawo jiƙaƙƙen kaya, shi bai ma sani ba.

Tambayata ita ce, wannan abin da muke yi har yanzu sunansa bin sawun kaya, ko kuwa yaudarar kanmu muke yi da kuɗi mai yawa? Manyan kamfanonin duniya da suka riga mu shiga, su ma haka ma'aikatansu ke kewaye tsarin? Kuma ni a matsayina na ƙaramin ma'aikaci, in faɗa wa mai sayen kayan, ko in ja bakina?

Injiniyan Manhaja ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Ka kwantar da hankalinka ta fuska ɗaya, ka tayar da shi ta wata fuskar. Dabarun da ka lissafo ba matsayinsu ɗaya ba, kuma rabinsu ba laifin ma'aikatanku ba ne, laifin wanda ya tsara manhajar ne bai taɓa tsayawa a bakin sikeli ba.

Bulokcen abu ɗaya yake lamuncewa: abin da aka rubuta jiya, ba wanda zai komo yau ya sauya shi a ɓoye. Bai san ko abin da aka rubuta gaskiya ne ba, domin ba shi da ido a kasuwa, ba shi da hanci da zai ji danshi. In aka ba shi ƙarya, zai tsare ta da irin amanar da yake tsare gaskiya.

Misalin da masu tallar wannan fasaha suka fi kawowa shi ne na Walmart, babban kamfanin kantuna a Amurka. A gwajin da suka fara da kamfanin kwamfuta na IBM a 2016, shugaban sashen tsaftar abinci na kamfanin a lokacin, Frank Yiannas, ya ɗauko fakitin yankakken mangwaro daga kanti ya ce ma'aikatansa su gano gonar da ya fito. Sai da suka ɗauki kwana 6 da awa 18 da minti 26. Da aka gwada da sabon tsarin, daƙiƙa 2.2 ya ɗauka. Bayan ɓarkewar ƙwayar cutar ikolai ta hanyar ganyen latas a 2018, wadda ta kama mutum 210 a jihohi 36 ta kashe 5, Walmart ya rubuta wa masu kawo masa ganyayyaki a watan Satumba na shekarar cewa dole su shiga IBM Food Trust, wato tsarin bulokcen na IBM, cikin shekara guda. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kwana shidan nan ba wajen lissafin kwamfuta suke tafiya ba. Suna tafiya ne wajen buga waya da neman takardu daga wannan kamfani zuwa wancan, kowa da irin lambarsa da irin rubutunsa. Aikin gaske shi ne sa kowa ya yi amfani da lambobin kaya iri ɗaya, ya kuma rubuta bayanai iri ɗaya a kowane mataki, kuma Walmart ya iya tilasta hakan ne saboda babu mai kawo kaya da zai so ya rasa cinikinsa. Shi Yiannas ɗin ya koma Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka a ƙarshen 2018, kuma dokar bin sawun abinci da hukumar ta fitar a Nuwamba 2022 ba ta wajabta bulokcen ba. Abin da ta nema shi ne a adana bayanan kowane mataki, kuma in an buƙata a miƙa su cikin awa 24 a jadawalin kwamfuta irin wanda kake buɗewa kullum a Excel.

Yanzu ga naku. Shigar da bayanai ranar Juma'a ba aibu ba ne in an yi shi a fili. Akwai ƙa'idar musayar bayanan kaya ta GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin kaya na duniya, ƙa'idar mai suna EPCIS, wadda yawancin irin waɗannan manhajoji ke bi, kuma tun asali ta tanadi lokaci biyu ga kowane abu: lokacin da ya faru, da lokacin da aka rubuta shi. Awo ya faru ranar Litinin a ƙauye, an rubuta ranar Juma'a a Kano, akawu ne ya rubuta a madadin wakili, ga hoton shafin littafi a matsayin hujja. Wannan magana ce tsaf. Abin da ya ɓata naku shi ne takardar nan ta cikin durowa. Sa hannu da sunan wani yana kashe dalilin kafa tsarin baki ɗaya, domin ranar da aka sami matsala kowa yana da bakin cewa ba shi ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ku nemi a buɗe maka matsayin mai shigarwa a madadin wasu, a sauya kalmomin sirrin nan, a yaga takardar.

Batun inji ma an tanade shi. Akwai nau'in rubutu na sarrafawa, inda ake cewa kaya kaza da kaza da kaza sun shiga, wannan sabon rukuni ya fito. Ba a cewa buhun nan na wane ne, cewa ake yi rukunin nan ya ƙunshi kayan motocin nan huɗu. In aka sami ƙwayar cutar salmonela a kwantena a Turai, za ku san motoci huɗun da za ku bi, wanda ya fi muku amfani nesa ba kusa ba a kan sunan mutum ɗaya da aka liƙa bisa ƙiyasi.

Shi kuwa buhu 270, a nan ne nake cewa ka tayar da hankali. Rashin goguwar rubutu ba ya nufin rashin gyara. Kai akawu ne, ka san ba a kankare kuskure a littafin kuɗi, sabon layi ake rubutawa a soke na farko a faɗi dalili. Ƙa'idar da na ambata tana da hanyar shelanta kuskure tun bugunta na 2016. Ko manhajarku ba ta fito da maɓallin ba, ko kuma ba a nuna muku shi ba. Manajanku ya gudu daga kuskuren yatsa ya faɗa rubuta abin da bai faru ba da gangan.

Ka kuma tambaya mana: kwafin kundin nan a hannun su wa yake? In mai sayen kayan ne kaɗai ke riƙe da dukkan kwamfutocin da ke ajiye shi, to rumbun bayanansa ne kawai kuke cika masa, aka sa masa sabon suna.

Tsohon Dillali ya amsa:

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan zance, shi ne kuma yake rubuta mini amsa. Na fi shekara talatin ina shiga kasuwannin ƙauye ina tara kaya ina kaiwa Dawanau, saboda haka inda aka taɓo dillalai dole in sa baki.

Malam Akawu, ɗana, ka ce dillalai ba sa bayar da sunayen gaskiya. Haka ne, kuma ni ma da ina cikin ganiyar aiki ba zan bayar ba. Dillali ba shi da gona, ba shi da inji, ba shi da kwantena. Jarinsa shi ne sanin mutane: wane ne riɗinsa fari ne tas, wane ne ke zuba yashi, wane ƙauye ne ke riga kowa yanka. Tun damina nake ba manomi kafin alƙalami ya sayi taki, in ɗansa ya kwanta rashin lafiya ni yake nema, in ya aurar da 'ya ina cikin masu gudummawa. Shekara goma ina gina wannan, sannan a miƙo mini waya a ce in rubuta sunansa da ƙauyensa da lambarsa a kundin da Bature zai buɗe daga ƙasarsa, kamfani ma ya buɗe daga Kano, kuma a kyauta. Baɗi me zai hana kamfani ya tura motarsa kai tsaye ƙofar gidan mutumin? Wanda ya tsara abin nan ya nemi in sare reshen da nake zaune a kai, sannan yana mamakin na ƙi karɓar gatari.

Na biyu, ko na yarda, ba zai yiwu yadda kuke zato ba. Ka zo kasuwa bayan azahar ka gani. Mai buhu goma ba shi da yawa. Yawanci yaro ne da tiya uku da mahaifiyarsa ta aiko shi da su daga cikin gida, sai tsoho da rabin buhu a bayan keke, sai 'yan sari da suka riga suka zagaya ƙauyuka biyar suka haɗa. Ana aunawa ana juyewa a kan tamfol ɗaya, mutane na jiran kuɗinsu kafin rana ta faɗi. Kafin buhu guda ya cika, hannu nawa ya zuba a ciki? A kasuwannin bakin iyaka irin Maigatari kuwa, wani kayan ma daga tsallake yake shigowa, kuma babu mai tambayar riɗi takardar shaidar ƙasa. Haɗuwar kaya ba a injinku ta fara ba, tun a tamfol ta gama faruwa.

Abin da zan iya tsayawa a kai in rantse shi ne wannan: kaya kaza, ni na saya, a kasuwa kaza, rana kaza, na ɗura a buhunan da na sani, na ajiye a ɗakin da ban zuba fiya-fiya ba. In kun tsayar da bin sawunku a kaina da kasuwar da ranar, za ku sami gaskiya. In kun matsa sai kun kai gona, za ku sami sunaye, amma irin waɗanda ka gani. Kamfanin da ke son ya san gonar, sai ya ɗauki manoma nasa tun shuka, ya ba su iri, ya saya da daraja, ya ware musu sito. Wannan wani ciniki ne daban, da farashinsa daban.

Maganar buhu 270 kuwa ta ɓata mini rai ƙwarai. A wannan sana'a, a ce kayanka jiƙaƙƙe ne ya fi a ce ka ci bashi ba ka biya ba.

Mai Duba Inganci ta amsa:

Ina gaida Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Aikina shi ne zagaya sito-sito ina duba takardu da kaya kafin a ba kamfani shaidar inganci, kuma zan ce bayanin Baba ya fi duk wani taron horo da na taɓa halarta a kan wannan batu.

Na yarda da yawancin abin da Injiniya ya faɗa, sai dai ina ganin ya ɗora nauyin a kan mai tsara manhaja fiye da kima. Mai tsarawa abin da aka ce ya gina shi ya gina. Asalin ɓarakar tana cikin yarjejeniyar da shugabannin kamfaninku suka sa wa hannu, inda suka yi alkawarin bin sawu har gona, suna sane da cewa a kasuwa suke saye. Duk dabarun da Malam Akawu ya lissafa ƙoƙari ne na ƙananan ma'aikata su cike ramin da ke tsakanin alkawarin manya da yadda kaya ke tafiya. A duk siton da na tarar da irin wannan, nakan sami littattafai biyu: na kwamfuta wanda ake nuna wa baƙo, da na takarda wanda ake gudanar da aiki da shi. Ni na takardar nake fara nema, don shi ne ke da maiƙon hannu da gyare-gyare.

Duniya ba ta ce hanya ɗaya ce tak ta riƙon kaya ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 22095 ta 2020 ta jera hanyoyi daban-daban. Akwai wadda ake keɓe kayan tushe ɗaya ba ya haɗuwa da komai har ya isa. Akwai wadda ake haɗa kayan da aka tantance da junansu, amma ba sa gauraya da wanda ba a tantance ba. Akwai kuma ta lissafin awo, inda kaya ke gauraya amma ba ka sayar da sunan tantancewa fiye da nauyin da ka saya. Fairtrade, ƙungiyar da ke ba kaya shaidar cinikin adalci, ta amince da wannan ta ƙarshen a koko da shayi da sukari da ruwan 'ya'yan itace, kuma hakan ba zamba ba ne, saboda an faɗa a fili. Dokar abinci ta Tarayyar Turai ta 2002 ma abin da ta wajabta wa ɗan kasuwa shi ne ya san wanda ya sayar masa da wanda ya sayar wa, taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba. Inda aka tsananta shi ne dokar hana sare daji ta 2023, wadda ke neman a nuna ainihin wurin gona a taswira, amma ta shafi shanu da koko da gahawa da manja da roba da waken suya da katako ne, riɗi da zoɓo ba sa ciki. Su masu koko a Ghana da Kwaddibuwa sai da hukumominsu suka shiga aikin rajistar manoma da auna gonaki, aikin da ba dillali ɗaya da waya zai yi ba. Saboda haka akwai yiwuwar mai sayen kayanku yana neman abin da doka ba ta ɗora masa ba, kuma zai iya sassautawa in aka zauna da shi.

Abin da ke ba shi tsoro na gaske ne. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da Turai ke tsananta wa bincike a tashar shiga saboda salmonela, kuma ba mu manta ba cewa a 2015 an dakatar da shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da Baba ya ambata. Dubi inda waɗannan matsaloli ke aukuwa: wurin shanya, wurin ajiya, cikin mota, cikin sito. Sanin dillali da ɗakin ajiyarsa da ranar lodi ya fi kusa da maganin abin fiye da sunan manomi.

Tsoron da Baba ya bayyana kuma ba na ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk tare da IBM sun kafa TradeLens a 2018 domin takardun kwantenoni su riƙa tafiya a kan bulokcen. Sauran manyan kamfanonin jiragen sun yi ta jan ƙafa, domin ba mai son zuba bayanan cinikinsa a rumbun da abokin gasarsa ke da hannu a kai, kuma ko da irin su MSC da CMA CGM da Hapag-Lloyd suka amince su shiga a 2019, abin bai kama ƙasa ba. A Nuwamba 2022 aka sanar da rufe shi, aka ce ba a samu haɗin kan masana'antar baki ɗaya ba. Fasahar tana aiki, masu kayan ne ba su saki jiki ba. In masu jiragen ruwa sun ƙi, ban ga dalilin zargin mai tamfol ba.

Akwai kuma wani haɗari da ba a taɓo ba. Suna da lambar wayar manomi bayanan mutum ne, kuma dokar kare bayanai ta Turai da ta fara aiki a 2018, da tamu ta Najeriya ta 2023, duk sun ba mutum damar neman a goge bayanansa. Yaya za a goge daga kundin da ba ya goguwa? Shi ya sa masu hankali ke ajiye sunayen a waje, su sa wata lamba da kwamfuta ke fitarwa daga takardar sunayen, mai zaman zanen yatsanta, a cikin kundin. Da wannan, dillali zai iya riƙe littafinsa a aljihunsa, ba mai gani sai ranar da matsala ta taso, kuma a ranar za a iya tabbatar da cewa bai sauya shafin ba.

Malam Akawu, kada ka tsallake shugabanninka ka rubuta wa mai saye, za ka rasa aikinka kuma ba lallai a gyara komai ba. Rubuta wa manaja takarda, ka ajiye kwafi, ka bayyana cewa ranar da mai bincike ya nemi takardar motar da ta mayar da buhu 270, da sunan direbanta, da rasit ɗin kuɗin da dillali ya dawo da su, babu ko ɗaya. Irin wannan shi muke fara kamawa, domin awon sikelin ƙofa ba zai nuna fitar motar ba.

Akawun Sito ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Hajiya na rubuta wa manaja. Da farko ya ɗaure fuska, amma da na kai maganar sikelin ƙofa sai ya yi shiru, ya ce in kira masu manhajar. Ashe akwai hanyar soke rubutu da bayyana dalili, sai dai manaja kaɗai aka buɗe wa ita, shi kuma bai taɓa shiga da kansa ba tun ranar horo. Mun soke na 520 da na 270, mun rubuta 250 tare da hoton littafin wakili. Duka ukun suna nan a jere ga mai son gani, abin da bai yi wa manaja daɗi ba.

Injiniya, na yi tambayar da ka ce. Kwafin kundin yana hannun mai sayen kayan da kamfanin da ya gina manhajar, mu ba mu da ko ɗaya. An yi mini alkawarin matsayin mai shigarwa a madadin wakilai, amma takardar durowa tana nan tukuna, don ba a sauya kalmomin sirrin ba.

Inda muka tsaya shi ne batun gona. Shugabanni suna tsoron in suka ce wa mai saye iyakar saninmu kasuwa da dillali, zai rage farashi ko ya koma wani. Sun ce a bari sai an gama lodin kwantenonin da ke ƙasa. Sannan shi dillalin da aka rubuta wa danshi har yanzu bai san abin da ya faru ba, kuma na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Tsohon Dillali ya sake amsawa:

Kada ka buga masa waya, kada kuma ka tura yaro. In a Maigatari yake, ranar Alhamis ake cin kasuwar. Ka je da kanka bayan la'asar, in awo ya lafa, ka tafi da takardar da ke nuna an soke maganar danshin, ka karanta masa a gaban mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. In ya huce, ka tambaye shi nawa zai so a ƙara masa a kan kowane buhu in zai riƙa rubuta kasuwa da rana da ɗakin ajiya da hannunsa, ka kawo wa manajanka adadin.